Gidan da yaro ke karɓar maganin ciwon daji



A masallatanmu mun saba jin sanarwa bayan sallama cewa ɗan wane ba shi da lafiya, an tafi da shi Yamai, ana neman addu'a da gudummawa. Sai a ɗaga hannu a yi addu'a, a zagaya da faranti, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a watse. Idan karaya ce ko zazzaɓi mai tsanani, irin wannan taimako na rana ɗaya yakan rufa asiri. Amma idan ciwon daji ne, ranar da aka yi sanarwar ita ce mafarin tafiya ta watanni, wani lokaci ma ta shekaru, kuma yawancinmu ba mu san abin da gidan yake shiga ba bayan mun koma harkokinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000, daga haihuwa zuwa shekara 19, ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na waɗannan yara suna warkewa. A ƙasashe irin namu waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba. Dalilan wannan tazara suna da yawa: zuwa asibiti a makare, ƙarancin likitoci da kayan gwaji, yankewar magani. Akwai kuma dalili guda da yake hannunmu, wato barin magani a tsakiyar hanya. Likitocin wannan fanni suna lissafa yaro a cikin waɗanda suka bar magani idan ya yi makonni huɗu a jere bai zo karɓa ba. A nan Afirka wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe yaran da ciwonsu ke jin magani. Iyayen da suka daina zuwa ba ƙin ɗansu suka yi ba. Kuɗin mota ne ya ƙare, ko gona ta kira, ko wani babba a dangi ya ce a dawo gida, ko kuma kumburin ya sace aka zaci an warke. Shi ya sa zancen lafiyar yaron ba ya rabuwa da zancen gidansu da unguwarsu.

Abin da maganin yake yi a jiki

Maganin da muke magana a kai shi ne wanda likitoci ke kira kemoterafi, masu Faransanci kuma su gajarce su ce shimiyo. Wani ta ƙarin ruwa ake ba da shi, wani allura ce a jijiya, wani ƙwayoyi ne na haɗiya, wani kuma a gadon baya ake yin allurarsa don ya kai inda maganin jini ba ya isa sosai, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Ciwon daji ƙwayoyin halitta ne na jikin yaron da suka ƙi tsayawa, suna ta rabuwa suna ƙaruwa ba ƙaƙƙautawa. Maganin yana bin duk ƙwayar da ke saurin rabuwa ya kashe ta. Matsalar ita ce jiki ma yana da nasa masu saurin rabuwa na ƙwarai: tushen gashi, fatar cikin baki da hanji, da ɓargo inda ake ƙera jini. Daga nan ne zubewar gashi take, da gyambon baki, da gudawa, da ƙarancin jini. Wanda ya gane wannan ba zai ga kan yaro ya zama tal ya ce maganin bai karɓe shi ba.

Saboda wannan ɓarnar ne ba a ba da maganin a dunƙule. Ana bayarwa, a dakata jiki ya farfaɗo, sau da yawa makonni biyu ko uku, a sake bayarwa. Kowane zagaye yana rage wani kaso na ciwon, kuma idan aka tsallake ranar komawa, abin da ya saura yana samun sararin sake yaɗo, wani lokaci ma ya taso da taurin kan da maganin farko ba zai ƙara jin sa ba.

Tsawon tafiyar ya danganta da irin ciwon. Wanda aka fi sani a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu shi ne mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda aka sa wa sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayalan da ya bayyana shi a Yuganda a 1958. Wannan ciwo yana da saurin girma ƙwarai, har girmansa kan iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana da saurin jin magani, kuma jinyarsa 'yan watanni ce. Sankarar ƙoda, wadda ta fi kama ƙananan yara, akan fara ta da magani na kusan makonni huɗu, sannan a yi fiɗa a cire, sannan a ci gaba da magani. Sankarar ido, wadda uwa kan fara lura da ita idan ta ga wani fari na ƙyalli a tsakiyar idon jariri kamar na kyanwa da dare, wani lokaci sai an cire idon kafin a tsirar da rai. Mafi tsawo ita ce sankarar jini irin wadda ta fi yawa a yara: wata guda ko fiye na magani mai ƙarfi a farko, watanni na ƙarfafawa, sannan ƙwayoyi na kullum a gida, jimilla shekara biyu zuwa uku.

A kan na Burkitt ɗin ya kamata a tsaya. Yaron da aka kawo fuskarsa ta karkace, haƙoransa na girgiɗi, bayan zagaye ɗaya ko biyu sai ka ga fuska ta koma daidai, yana ci yana wasa. Duk wanda ya gani zai yi hamdala, kuma ya kamata a yi. To amma a daidai nan ne gidaje da yawa ke tattara kaya su koma ƙauye. Abin da ido ke gani ya tafi, wanda ido ba ya gani yana nan, shi sauran zagayen ke nema. Yaron da aka dawo da shi bayan wata uku da sabon kumburi, damar warkewarsa ta ragu matuƙa, kuma likitan da ya karɓe shi ya san haka tun daga bakin ƙofa.

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutanenmu, wai daji ba ya son allura, da zarar ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Ana iya gane inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, aka yi allura, ya rasu, sai aka ɗora wa allurar laifin da na jinkiri ne. Wannan magana ta kashe yara da yawa. Ga masu ganin cewa maganin asibiti kishiyar itace ne, ɗaya daga cikin manyan magungunan da ake yi wa yaran nan, binkiristin, daga wani ɗan tsiro mai fure na tsibirin Madagaska aka samo shi. Bambancin kawai an tace shi, an auna shi daidai da nauyi da tsayin yaro.

Kwanakin gida sun fi na asibiti haɗari

Mutane kan zaci ranar ƙarin ruwa ce ranar fargaba. A gaskiya lokacin da ya fi haɗari yakan zo ne bayan an sallamo yaro, tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu da karɓar magani. A wannan tsakanin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sun yi ƙasa ƙwarai. Ƙwayar cutar da ɗan'uwansa zai sha kunu ya kwana ya tashi garau, shi tana iya shiga jininsa ta kai shi kushewa cikin sa'o'i.

Don haka kayan aiki na farko da gidan ke buƙata shi ne ma'aunin zafin jiki, kuma a samu mutum biyu a gidan da suka iya karanta shi. A hammata ake sawa, ba a sa wa irin wannan yaro komai ta dubura. Idan ya nuna digiri 38 ko fiye, ko yaro na rawar ɗari, ko ya yi laushi ba ya son tashi, asibiti za a nufa a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa, ba a ba shi farasitamol a ce a ga abin da hali zai yi, domin yana saukar da zafin ne ya ɓoye cutar. Asfirin da dangoginsa kuwa suna ƙara haɗarin zubar jini. Ya kamata uba ya ba da izinin fita tun kafin buƙatar ta taso, a gaban mahaifiyarsa da duk mai faɗa a ji a gidan, ya kuma ajiye kuɗin mota a wurin da uwar yaron ta sani, tare da lambar mai babur ko mai mota da zai ɗauki waya da dare. Idan asibitin kusa za a je, a tafi da katin jinya, a faɗa musu tun a ƙofa cewa yaron yana kan maganin daji. Ko gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, wannan bai kore cewa akwai wata cutar a jini ba, shi ya sa ake son su tuntuɓi likitan da ke bin yaron.

Ƙwayoyin da ke tsayar da jini su ma suna raguwa, sai a ga haɓo, ko dasashi na jini, ko ɗigo-ɗigo ja a fata. A nan dole a yi magana a kan wanzami. Ƙaho, tsaga, sakiya, cire beli, kaciya, duk a ɗage su har sai likita ya ce jini ya dawo. Tsagar da ba ta wuce tsawon farce ba tana iya ƙin tsayawa, ko ta zama ƙofar cuta. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Hanta da ƙodar yaron suna kan aikin fitar da magani mai ƙarfi, ƙara musu abin da ba a san ma'auninsa ba zalunci ne, ko da kyakkyawar niyya aka kawo shi. Ƙin karɓa daga hannun kaka ko gwaggo abu ne mai nauyi ga matar gida, don haka aikin uba ne ya tsaya ya faɗa da bakinsa, cikin ladabi.

Sai zancen 'yan dubiya. Gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba mai jayayya a kai. Amma ɗaki cike da mutane, wannan na tari, wancan ta goyo yaro mai ƙuraje, kowa na shafa kan mara lafiya, ga wanda sojojin jikinsa suka kwanta wannan farmaki ne. Ƙyanda da ƙarambau musamman suna iya kashe shi. Mai mura ya gaisa daga zaure ko ta waya, ladansa na nan. Wanda zai shiga ya wanke hannu da sabulu, ya taƙaita zama. Idan aka ji ƙyanda ko ƙarambau ta ɓulla a gidan ko a makwabta, a sanar da likita a ranar, kada a jira ƙuraje su fito. Shi ciwon dajin ba a ɗaukarsa. Cin abinci tare, kwana ɗaki ɗaya, rungumar yaro, babu wanda ke sa wani ya kamu. Shi ake karewa daga mutane.

Masu rigakafi na gida-gida idan sun zo, a gaya musu halin da yaron yake ciki. Akwai rigakafin da ba a yi wa mai karɓar wannan magani sai ya gama, kamar na ƙyanda da na shawara da ɗigon shan inna na baki. Sauran yaran gida kuwa rigakafinsu kariya ce gare shi, sai dai a tambayi likita yadda za a yi da ɗigon baki. Haka maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa yara da damina, kada a ba shi sai an tambaya, don yana iya karo da wani daga cikin magungunansa. Gidan sauro kuwa kullum ne.

Abinci ba ya buƙatar tsada. Abin da ake so shi ne dafaffe, da zafinsa, da ruwan da aka tafasa. Nonon da ba a dafa ba, furar talla, latas da ɗanyen ganye, tsiren da ya kwana, a haƙura da su. Kunun gyaɗa, ƙwai da ya dahu sosai, wake, miyar zogale, ɗan kifi ko nama idan an samu, kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a cika masa kwano. Ranar da baki ya yi gyambo yaji da tsami azaba ne, sai a koma ga mai laushi, a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri kaɗan. Yaron da ya rame ba ya jure magani kamar mai ƙwari, shi ya sa asibiti kan ba wasu abincin gyaɗar nan na masu tamowa. Nasa ne, ba na rabawa ƙanne ba. Kwana biyun farko bayan karɓar magani, fitsari da amai da bayan gidansa na ɗauke da ragowar maganin, sai mai wanki ta sa safar hannu, mai juna biyu kuma ta bar wa wata wannan aikin.

Gida ya rabu biyu

A Nijar cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji tana Yamai, kuma sashenta na yara yana cikin haɗakar likitocin Faransa da Afirka da aka kafa a 2000 don kula da ciwon dajin yara. Daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Diffa sama da 1,300. A Gana manyan sassan suna asibitin Korle Bu a Akkara da na Komfo Anokye a Kumasi, a Kamaru kuma na Yawunde ne aka fi sani. Ko'ina labarin ɗaya ne: magani na babban birni, iyali na nesa. Gana ta saka ciwon dajin yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa, wasu wuraren kuma ƙungiyoyi na taimakawa da magunguna. Amma ko an ba da magani kyauta, ba a ba da kuɗin mota, da gwajin jini na kowane zagaye, da abincin mai jinya, da wurin kwana, da ranakun da ba a fita nema ba. Waɗannan ƙananan su ke cinye akuya, su cinye sa, su kai ga jinginar da gona.

Galibi uwa ce ke tarewa a asibiti. Tana kwana a tabarma gefen gado, tana riƙe yaro ana neman jijiya, tana jin bayanin likita cikin harshen da ba lalle ta iya ba, wataƙila da jariri a bayanta. Uba yana kai da kawo, yana neman rance, da damina kuma zuciyarsa ta rabu tsakanin gadon asibiti da gonar da in ba a nome ta ba gidan duka zai kwana da yunwa. Kowannensu yana ganin nasa nauyin ya fi, kuma a nan Shaiɗan ke samun ƙofa. Sai a fara neman mai laifi: daga danginki ne, kai ne ka ƙi kai shi da wuri, kishiya ce ta yi masa jifa. Ya kamata a sani cewa mafi yawan ciwon dajin yara ba abin da uwa ta ci ko uba ya aikata ne ke jawo shi ba, kuma ba a san hanyar kauce masa ba. Kaɗan ne ke bin jini, kamar wani nau'i na sankarar ido, kuma amfanin sanin hakan shi ne a duba idon ƙanne da wuri. Zargin sammu kuwa ya raba zumuncin da a lokacin ne aka fi buƙatarsa. Gidaje nawa ne kishiyar da ake zargi ita ce ke dafa wa 'ya'yan mai jinya, tana yi musu wanka da kitso wata da watanni? Irin wannan mata ta cancanci godiya a bainar jama'a.

Uwa mai jinya tana buƙatar mai canjinta. Ko kwana biyu ne a wata, wata 'yar'uwa ta karɓe ta, ta je ta ga sauran 'ya'yanta, ta yi barci. Wadda za ta karɓa a koya mata ma'aunin zafi da lokutan ƙwayoyi tukuna. A samu littafi guda a riƙa rubuta ranar kowane zagaye, sakamakon jini, sunan magani da ranar komawa. Ɗalibin gidan ko na makwabta zai iya riƙe wannan aiki, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

'Yan'uwan yaron su ake mantawa. Sun wayi gari uwa ba ta nan, duk wani abu mai daɗi na mara lafiya ne, ba wanda ya yi musu bayani. Ƙarami kan koma fitsarin kwance, wani ya riƙa faɗa a makaranta, wani ya ɓoye a ransa cewa dukan da ya yi wa ƙanensa ne ya jawo ciwon. Babbar 'ya kuwa sau da yawa ita ake cirewa daga makaranta ta zama uwar gida tana shekara goma sha biyu. A gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa ciwo ne mai suna, ana magani, ba laifin kowa ba ne, ba za su ɗauka ba. A haɗa su da uwarsu ta waya. Idan dole yarinya ta taimaka, dangi su raba aikin don kada shekarar karatunta ta tafi.

Shi kansa yaron ya fi yadda muke zato ganewa. Idan aka ce masa allura ba zafi ya ji zafi, gobe ba zai yarda da kowa ba. Gara a ce za ta yi zafi kaɗan, ina riƙe da kai. A faɗa masa zancen gashi kafin ya fara zuba, musamman 'ya mace, a kuma tabbatar mata zai tsiro bayan an gama. A yi wa yaran unguwa da na makarantar allo kashedi a kan tsokana, malaminsu ya fi kowa iya wannan. Akwai wani magani cikin na sankarar jini da ke kumbura kumatu, ya sa yunwa ba dare ba rana, ya sa fushi da kuka ba dalili. Yaron da aka sani da kunya sai ya riƙa yi wa uwarsa tsawa. Maganin ne, kuma yana wucewa idan an daina shi, don haka duka ba shi da wuri a nan. Wannan ba ya nufin a sakar masa komai. Yaro yana samun natsuwa idan ya ga har yanzu ana ce masa ya gaida manya, ya yi bismilla, ya biya allonsa ranar da ya ji ƙarfi. Idan jini ya hau kuma likita ya yarda, ya koma cikin abokansa.

Ibada a cikin jinya

Tambayoyin da iyaye ke kawo wa malamai a wannan hali kusan iri ɗaya ne. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, kuma wanda ya balaga yana kan wannan magani mara lafiya ne da shari'a ta ba uzuri, zai rama bayan ya warke. Wasu magungunan ma suna buƙatar shan ruwa da yawa don kare ƙoda da mafitsara, don haka barin matashi ya yi azumi saboda kunyar abokai kuskure ne. Idan akwai bandeji a hannu inda aka sa allurar ƙarin ruwa, ana shafa a kansa, in ruwa zai cutar kuma akwai taimama. Uwar da tufafinta ba sa rabuwa da amai da fitsarin yaro ta keɓe zane ɗaya na sallah idan ta samu iko, ta kuma tambayi malami a kan rangwamen da ke cikin halinta maimakon ta bar sallah tana ganin ba ta da tsarki. Addu'a da karatun Alƙur'ani ga mara lafiya ba sa karo da magani ko kaɗan, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya rage tawakkali. Abin da za a guje wa shi ne mai cewa a zaɓi ɗaya, a bar asibiti a dawo wurinsa. Duk wanda ya faɗi haka, ko da rawani a kansa, ya ɗauki alhakin rai.

Inda jama'ar masallaci za ta fi amfani shi ne ta mayar da gudummawar rana ɗaya ta zama ta wata-wata. Mutum ashirin da kowannensu ya ɗauki ɗan abin da ba zai gagare shi ba duk wata, a damƙa wa amintacce guda yana aikawa kwana biyu kafin ranar komawa asibiti, sun fi taro guda mai yawa da zai ƙare a wata na farko. Gidan da jinya ta talauta, ko bashi ya yi masa kanta, ko guzuri ya yanke masa a garin da ba nasa ba, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Gayya a gonar uban yaro ranar noma taimako ne da ba ya buƙatar ko dala. 'Yan garinmu mazauna Yamai ko Kumasi da ke da ɗaki a zaure, masaukin mako guda tsakanin zagaye biyu na iya zama abin da zai hana a koma ƙauye a ƙi dawowa.

Sai jini. Yaran nan suna buƙatar ƙarin jini akai-akai, kuma sau da yawa sai dangi sun kawo mai bayarwa kafin a samu. Baƙon da ya zo daga nesa wa ya sani a birni? Baligi mai lafiya da nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, namiji kuma zai iya maimaitawa bayan wata uku, jiki na mayar da abin da aka ɗiba. Ƙungiyar ɗalibai ko 'yan agajin masallaci da za su rubuta sunayen mutum talatin da rukunin jininsu da lambobinsu, su kai wa sashen yara, sun yi abin da kuɗi ba ya saya da tsakar dare.

Ba kowane yaro ne ke tashi ba, ko an yi duk abin da ya kamata. Idan likita ya ce maganin warkarwa ya ƙare, kulawa ba ta ƙare ba. Akwai maganin kashe zafi mai ƙarfi, har da mofin na sha, kuma ba shi ga yaron da ke cikin azaba bisa umarnin likita ba shaye-shaye ba ne, ba kuma gaggauta ajali ba ne. Iyaye su nema, kada su ji nauyi. Masu zuwa ta'aziyya kuma su kama bakinsu daga cewa da an bar shi a gida, ko da an kai shi wurin wane. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Wanda Allah Ya sa ya kai zagayen ƙarshe, likita ne zai faɗi cewa an gama, ba kyawun fuskar yaro ba. Bayan nan akwai ranakun dubawa, da farko kusa-kusa, daga baya a riƙa tazara, har tsawon shekaru, domin idan ciwon zai dawo an fi son a tare shi da wuri, kuma wasu magungunan kan bar tabo a zuciya ko ji ko girma wanda sai a hankali yake bayyana. Rigakafin da aka ɗage za a tsara lokacin yin sa, kaciyar da aka jinkirta a sa mata rana da izinin likita. Littafin nan da katin jinya a adana su wuri mai kyau, domin ko bayan shekara ashirin, ranar da yarinyar ta je awon ciki ko saurayin ya kwanta wata rashin lafiya, likitan da zai duba su zai so ya san irin maganin da aka ba su da yawansa.